Hanya ta Kowa Ce: Dokokin Fita da Kare Cikin Jama'a

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

MAI GABATARWA: Yau zancen kare za mu yi, ko in ce zancen mai kare. Idan mutum ya fito da karensa daga gida ya shiga titi, ko filin wasan yara, ko bakin kasuwa, wane haƙƙi jama'a suke da shi a kansa? Za mu leƙa Ingila, inda mutane suka ɗauki kare ɗan gida, mu ga yadda ƙananan hukumominsu suka tsara wannan al'amari gari-gari, unguwa-unguwa. Daga nan sai mu dawo gida, domin mu ma karnuka sun yawaita a garuruwanmu, kuma akwai wani haɗari da ke kanmu wanda su sun daɗe da rabuwa da shi. Ku gyara zama.

(Kiɗa kaɗan)

Tushen tsarin nasu guda ɗaya ne: kada a ga kare a waje a rasa wanda za a tuhuma. Tun shekarar 1992 doka ta wajabta cewa duk karen da aka fito da shi bainar jama'a ya kasance da abin wuya mai ɗauke da sunan mai shi da adireshinsa. An ɗauke wa wasu kaɗan, kamar karnukan da ke kan aikin kiwo da masu yi wa makafi jagora.

To amma abin wuya yana tsinkewa, ɓarawo ma yana iya cire shi. Shi ya sa daga ranar 6 ga Afrilu 2016 aka ƙara wani sharaɗi. Kafin ɗan kwikwiyo ya wuce mako 8, sai an sa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu, wadda girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Tana ɗauke da lamba, lambar kuma tana cikin rajista tare da sunan mai kare da wurin zamansa. Wanda aka kama bai yi ba, ana ba shi kwana 21 ya gyara, in ya ƙi, tararsa tana iya kai fam 500.

Ga amfanin abin. Jami'in ƙaramar hukuma ya tsinci kare yana gararamba a titi. Sai ya kama shi, ya ɗora masa na'urar karatu a bayan wuya, lamba ta fito, a kira mai shi. Ana ajiye karen kwana 7. In mai shi ya zo, ya biya kuɗin kamu da na ciyarwa ya tafi da abinsa. In bai zo ba, hukuma tana da ikon ba wa wani. Babu zancen "ban san na wane ne ba".

Waɗannan dokoki ne na ƙasa baki ɗaya. Abin da ya fi jan hankalinmu yau shi ne na ƙananan hukumomi. A shekarar 2014 majalisar dokokin Birtaniya ta ba kowace ƙaramar hukuma a Ingila da Wales ikon kafa umarnin kiyaye wuraren jama'a, wanda suke taƙaita sunansa da PSPO. Hikimar ita ce, damuwar garin da ke bakin teku daban take da ta unguwar da ke tsakiyar Landan, ta ƙauyen makiyaya ma daban. Don haka aka bar wa kowane gari ya duba abin da ke damunsa.

Sai dai ba a wayi gari kawai a ce an kafa doka. Dole ƙaramar hukuma ta tuntuɓi 'yan sanda, da wakilan jama'ar yankin, da masu filayen da abin zai shafa. Dole ta fayyace wurin da umarnin ya shafa, ta kafa allunan sanarwa yadda mai wucewa zai gani. Kuma umarnin ba ya wuce shekara 3. In wa'adi ya cika, sai a sake dubawa: ya yi amfani a sabunta shi, ko a gyara, ko a bar shi ya mutu.

Abubuwan da irin wannan umarni ya saba ƙunsa guda shida ne. A riƙe kare da igiya a wuraren da aka ayyana. A sa masa igiya nan take in ɗan sanda ko jami'in hukuma ya ce a sa. A hana shi shiga wasu wurare kwata-kwata. A ƙayyade yawan karnukan da mutum ɗaya zai fita da su. A kwashe kashinsa. A kuma riƙe ledar kwashewa tun daga gida. Dokar ta 2014 ta ƙayyade tarar nan take da ba ta wuce fam 100 ba. Wanda ya ƙi biya aka kai shi kotu, tara tana iya kai fam 1,000.

Bari mu ga yadda abin yake a wasu wurare. A garin Brighton da ke bakin teku, akwai sassan gaɓar da ba a yarda kare ya taka ba daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, lokacin zafi ke nan da iyalai ke cika wurin, yara suna wasa cikin ruwa. In sanyi ya shigo, jama'a sun watse, sai a buɗe wa masu karnuka. A ƙaramar hukumar Richmond da ke kudu maso yammacin Landan, an ƙayyade wa mutum ɗaya karnuka 4, sai fa in ya nemi izini na musamman. Dalili kuwa, a can akwai masu sana'ar fita da karnukan mutane shan iska a biya su, kuma hannu biyu ba sa iya riƙe garke guda in rikici ya tashi. A gandun Richmond kuma, wanda hukumar kula da gandayen sarauta ke riƙe da shi, dole kowane kare ya kasance a igiya daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Yuli, saboda lokacin ne bareyin gandun ke haihuwa, kuma barewa mai jego takan far wa kare da mai shi.

Kun lura? Kowace ƙa'ida tana da wurinta, tana da lokacinta, tana kuma da dalilin da kowa zai iya faɗa.

(Kiɗa kaɗan)

MAI GABATARWA: Masu sauraro, in yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan dokokin fita da kare cikin jama'a. Yanzu sai mu zo kan abin da ba a son ambata, wato kashi, ku gafarce ni.

Ku dubi mai kare a Ingila da sassafe. Kafin ya fita, zai cusa 'yan ƙananan ledoji a aljihu, wasu ma a jikin igiyar suke ɗaure su. Kare ya tsuguna a gefen hanya, sai mai shi ya tsaya ya jira. Da ya gama, sai ya zura hannu cikin leda, ya damƙe abin ta bayan ledar, ya juyo bakinta ta rufe shi, ya ƙulle, ya riƙe a hannu har ya kai kwandon shara. Babban ma'aikaci ne ko lebura, haka zai sunkuya. Uzurin "ban gani ba" ba ya karɓuwa, haka ma "na manta leda". A shekarar 2015 ƙaramar hukumar Daventry ta wancan lokaci ta kafa ƙa'idar cewa jami'i zai iya tare ka ya ce nuna ledarka, in babu, tara ta hau kanka ko da karenka bai yi komai ba tukuna. Wurare da dama sun bi sahu. Makafi da masu wata larurar da ke hana su kwashewa, an ɗauke musu.

Me ya sa aka tsananta haka? Ƙyama da wari suna ciki, amma babban dalili lafiya ce. Akwai wata tsutsar ciki da karnuka ke ɗauke da ita, musamman 'yan kwikwiyo, likitoci suna kiranta Toxocara. Ƙwayayenta suna fita cikin kashi su zauna a ƙasa. A ranar da suka fita ba sa iya kama mutum, sai sun yi makonni a cikin ƙasa sun nuna. Bayan nan kuma suna iya yin watanni, har fiye da shekara, da ransu. Kashin ya bushe, ruwan sama ya wanke shi, ido ba ya ganin komai, amma ƙwayayen suna nan. Yaro ya zo ya yi wasan ƙasa, ya kai hannu baki. Tsutsar takan bi jiki ta kai hanta ko huhu, wani lokaci ta kai ido ta lalata gani. Ashe wanda ya kwashe kashi tun yana ɗanye ya katse cutar tun ba ta fara ba. Wannan ne kuma ya sa filin wasan yara yake kan gaba a wuraren da ake hana kare shiga. Za ka ga filin a kewaye da shinge, a jikin ƙofa ga hoton kare an ja masa jan layi.

Makiyaya ma suna da nasu kuka. Kashin kare a makiyaya yana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Neospora, wadda ke sa shanu ɓari.

Sai batun igiya. Akwai maganar da kowa ya taɓa ji daga bakin mai kare, ko a Landan ko a Kaduna: "Kada ka ji tsoro, ai ba ya cizo, wasa yake yi." Dokar Ingila ba ta karɓi wannan magana ba. A ƙarƙashin dokar karnuka masu haɗari ta 1991, laifi ne kare ya fi ƙarfin mai shi har ya zama barazana, kuma ba sai ya yi cizo ba. In ya yi abin da zai sa mai hankali ya ji tsoron za a ji masa rauni, laifi ya tabbata, hukuncin kuma yana iya kai ɗaurin wata 6. In ya ji wa mutum rauni, ɗauri har shekara 5. In ya kashe mutum, har shekara 14. In karen jagoran makaho ya raunata, har shekara 3. Tun 2014 kuma dokar ta shiga har cikin gida, saboda masu kai wasiƙu da ma'aikatan da ke shiga gidajen mutane sun sha cizo a ƙofar gida.

Ku lura da wannan wuri da kyau. Mai kare ya san halin karensa, amma tsohuwar da ke tafe da sanda ba ta sani ba, yaron da ke kan keke bai sani ba. Doka ta ɗora nauyin a kan wanda ya sani. Ba a ce wa mai wucewa ya koyi zama da kare ba, mai kare aka ce ya riƙe abinsa.

Wasu nau'o'in karnuka ma an haramta ajiye su sai da izini na musamman: Pit Bull Terrier, da Tosa na Japan, da Dogo Argentino, da Fila Brasileiro. Bayan hare-haren da suka jawo asarar rayuka, an ƙara da XL Bully. Daga 31 ga Disamba 2023, ba a fita da shi a Ingila da Wales sai da igiya da takunkumi a baki. Daga 1 ga Fabrairu 2024, ajiye shi ba tare da takardar izini ba ya zama laifi, kuma cikin sharuɗɗan izinin har da yi masa fiɗiya.

A karkara kuwa, tun 1953 laifi ne kare ya kori tumaki ko shanu, ko da bai taɓa su ba, domin tunkiya mai ciki in ta sha gudu tana iya ɓari. Dokar 1971 ta ba manomi kariya in ya harbe karen da ke far wa dabbobinsa alhali babu wata hanyar tsayar da shi. A filayen da aka buɗe wa masu yawon shan iska, dole igiya ta zama gajera, kada ta wuce mita 2, a duk lokacin da ake kusa da dabbobi, haka kuma daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa.

Kada ku ɗauka kowa ya yi na'am da waɗannan ƙa'idoji. Masu karnuka da ƙungiyarsu ta Kennel Club sun sha kukan cewa wasu ƙananan hukumomi suna wuce gona da iri, suna rufe fili bayan fili har a rasa inda kare zai sake ya yi gudu. Suna da hujja, domin dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta wajabta wa mai dabba ya biya mata buƙatunta, motsa jiki kuwa yana ciki. Karen da ke ɗaure dare da rana shi ya fi zama mafaɗaci. Wannan ja-in-ja ita ce amfanin tuntuɓar jama'a da wa'adin shekara 3: mai kare ya faɗi nasa, uwar yara ta faɗi nata, a raba fili da lokaci.

Ga 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a can, ku san cewa in kare ya yi kanku, kuna da damar cewa mai shi ya janye shi. In ana barin ƙazanta a ƙofar gidanku, ƙaramar hukuma ake kai wa ƙara. In barazana ce ko cizo, 'yan sanda.

(Kiɗa kaɗan)

MAI GABATARWA: To, jama'a, mu dawo gida. Mu ba baƙin kare ba ne. Mafarauta suna da nasu, makiyaya suna da nasu, kuma malamai sun yi bayanin halascin ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne manyan karnukan gadi na ƙasashen waje a sababbin unguwannin birane, saboda matsalar tsaro. Da yamma sai ka ga matashi ya fito da ƙaton kare, karen ne ma ke jan sa, yara 'yan Islamiyya suna watsewa, mai tallan gyaɗa ta yar da farantinta. Wani don burgewa har cuna shi yake yi. Da dare kuma a buɗe ƙofa a sake shi, mai fita sallar asuba ya yi ta kansa.

Akwai bambanci babba tsakaninmu da Ingila. Su sun kawar da cutar haukan kare daga karnukansu tun 1922. Mu har yanzu tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Don haka a wurinmu, kafin igiya da leda, allura ce farko.

Allurar kuwa akwai ta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana yin ta karnuka, ana kuma samunta a asibitocin dabbobi. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo yana wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara, a kuma adana katin shaida. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, a wurare da dama akan yi allurar kyauta a lokacin, sai a sa kunne.

In kuma tsautsayi ya faɗa, kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, ga abin yi. A kai shi bakin famfo ko a ɗauko buta, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudana har tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 yana da tsawo, hannu zai gaji, yaro zai yi kuka, amma kada a tsaya. Kada a shafa toka ko barkono ko ganye, kada a ɗaure ciwon tamau. Daga nan sai asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne, domin a fara allurar mutum. Karen kuma, in an san mai shi, a tsare shi a sa masa ido kwana 10, a sanar da likitan dabbobi. Amma kada a ce sai an ga abin da zai faru da karen kafin a je asibiti.

Me za mu ɗauka daga tsarin Ingila? Ba sai mun jira na'urar ƙarƙashin fata ba. Abin wuya da lambar wayar mai kare, kowane mai aikin fata a kasuwa zai ɗinka shi. Tsarin tuntuɓar jama'a ma muna da irinsa: mai unguwa, da limami, da kwamitin tsaro, da 'yan sintiri. Za su iya zama da masu karnuka a yi yarjejeniya a rubuce. Kowane kare da katin allurarsa. Ba a fita da shi sai da igiya, a hannun babban da zai iya riƙe shi, mafaɗaci kuma da takunkumi. Ba a bi da shi ta ƙofar makaranta lokacin tashi, ko harabar masallaci, ko cikin kasuwa, ko bakin rijiya da famfon unguwa. Sakin dare ya tsaya cikin katangar gida. Wanda karensa ya yi ƙazanta ya kwashe, wanda nasa ya yi cizo ya ɗauki kuɗin magani. A kuma ware wa masu karnuka wani fili a bayan gari da lokacin da za su sake su su yi gudu. In yarjejeniyar ta zauna, sai a kai wa kansila da sashen lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma su ƙarfafa ta.

Malam mai kare, Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ranar da ka kawo shi gida ka ɗauki cinsa da allurarsa da ƙazantarsa da haƙoransa. Ku kuma iyaye, ku koya wa yara kada su jefi kare, kada su taɓa shi yana cin abinci ko karya tana shayarwa. In ya nufo su kada su ruga, su tsaya cik, hannu a jiki, su kau da ido, sannan su ja da baya a hankali. In an cije su ko an yakushe su, su faɗa nan take, ba za a doke su ba, domin yaro yakan ɓoye ciwo don tsoron faɗa.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda ya ji ya sanar da maƙwabcinsa, musamman zancen wanke ciwo na minti 15.  

(Kiɗan rufe shiri)